Jirgin da Na Ɗora Kan Bulo

Da ana mayar da kwanaki baya, akwai wata Talata guda da zan roƙa a ba ni in goge. Ita ce ranar da na sa aka ciro jirgin taubashina daga kogi, aka ɗora shi a bayan tifa, aka kawo shi gidana a Sabon Gari. Ni na roƙe shi jirgin, ni na kira motar, ni na tsaya ina ba da umarni da hannu kamar wanda ya san abin da yake yi. Na faɗi haka tun farko don kada mai karatu ya tausaya mini ya ce aikin shaiɗan ne. Shaiɗan yana da nasa ayyukan. Wannan nawa ne.

Ni direba ne. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina tuƙa motar gwamnati. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na iya karanta allon hanya da taswira, kuma wannan 'yar iyawar ce ta ja mini. A tsawon aikina na hau gadar Wudil ba adadi, na hau ta Lokoja, na hau ta Makurɗi, sau biyu na kai maigidana Legas na ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Kullum daga sama nake kallon ruwa, ta tagar mota. Daga can ruwa abu ne mai ladabi: yana shimfiɗe, ba rami, ba shinge, ba mai tsayar da kai ya nemi takardu. Sai na riƙa cewa a raina, ai ga hanyar da ta fi kowace hanya, in na ajiye aiki ita zan bi.

Ban iya iyo ba. Har yau ban iya ba. Wannan bai dame ni ba a lokacin, tunda a ganina direba ma ba ya bukatar iya gudu da ƙafa.

Da na yi ritaya na shiga Kano na sayo babbar taswira da littafin rubutu mai kauri. Na shimfiɗa taswirar a zaure, na danne kusurwoyinta da duwatsu, na bi kogin garinmu Wudil da yatsa. Sai na tarar bai nufi teku ba sam, gabas ya yi, ya bi ta Haɗejiya da Gashuwa ya faɗa Tafkin Chadi. Mai hankali da nan ya naɗe takarda ya tafi gona. Ni kuwa sai abin ya ƙara mini daɗi. Na ga wani kogin yana shiga tafkin daga kudu, na ga kusa da shi Binuwai ta faro, tsakaninsu bai kai faɗin farcena ba. Na ce wannan ai ɗan tsallake ne. Daga Binuwai sai Yola, sai Makurɗi, sai Lokoja, a gangara har bakin teku, a bi rafukan gaɓa zuwa Legas. Na raba tafiyar shekara uku, kowace shekara da babinta. Na rubuta inda za mu yi azumi na farko da inda za mu yi na biyu. Saura abu biyu kawai, ƙanana: jirgi, da wanda ya san ruwa.

Duka biyun taubashina yana da su. Ɗan kawuna ne, ya girme ni da shekara biyu, masunci ne ɗan masunci, gidansa yana wajen Dagumawa. Tun muna yara ba mu kiran juna da suna. Ni in ce masa bawa, shi ya ce mini bawa, ba a taɓa yanke hukuncin wane ne ubangidan ba. Jirginsa na katakon maɗaci ne, dogo, shi da mahaifinsa suka tsaya aka ƙera. Da damina yana su da shi, ranar Juma'a ya yi fiton mutanen ƙauye da kayansu zuwa kasuwa, in ruwa ya ja ya ɗebo yashi. Duk abin da ya shiga tukunyar gidansa ta cikin jirgin nan ya biyo.

Na same shi a bakin ruwa da hantsi yana gyaran koma, na shimfiɗa masa taswira a kan yashi.

"Bawa, zo ka ga inda za mu."

Ya leƙa, ya karkata kai. "Wannan shuɗin zaren shi ne kogi?"

"Shi ne."

"Kai, ya yi kyau. Wanda ya zana shi mutumin kirki ne, har ya share mana kachala."

Kachala ita ce doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa. Ya ce sau ɗaya ya taɓa zuwa Haɗejiya ta ruwa, yana saurayi, kuma rabin tafiyar su suka ja jirgin, ba jirgin ya ɗauke su ba. Da na nuna masa tafki sai ya ce, "Nan? Inda soja ma sai ya yi alwala kafin ya shiga?" Na ce kafin mu isa an yi shekara, ƙila an samu lafiya. Ya ce lallai na yi tunani mai zurfi.

Amma da yatsana ya kai teku sai ya daina tsokana. Ya tambaye ni ko da gaske ne ba a ganin wancan gefen. Na ce da idona na gani. Mutumin da ya yi shekara sittin a cikin ruwan da ake kiran mutum daga gaɓa zuwa gaɓa ya ji, ya daɗe yana kallon shuɗin nan. Nan na gane na samu ƙofa, na kuwa shiga.

Na ce ya ba ni jirgin in gyara shi don doguwar tafiya, in yi masa rumfa da fenti da wurin zama. Rani ne, ruwa ya ja, aiki ya yi sauƙi. Na yi alkawarin kafin ruwan farko jirgi yana hannunsa, ko mun tashi ko ba mu tashi ba.

Ya ce, "To ka yi masa abin da za ka yi a nan bakin ruwa."

Na ce a'a, akwai ɓarayi, akwai bakin mutane, kuma kafinta ba zai riƙa zuwa kogi ba.

Ya ce, "Bawa, jirgi ba ya daɗewa a tudu. In ya sha iska katako zai ƙanƙance, ya buɗe baki. Ruwa ne ke riƙe shi."

Sai na gyara tsayuwa na yi masa lacca. Na ce shekara talatin ina kula da abin hawa, kuma duk wanda ya san abin hawa ya san ba shi da maƙiyi kamar ruwa. Motar da ake so ta daɗe, a ɗaga ta a kan bulo ake yi, a rufe ta, a hana danshi kusantarta. Ruwa ke kawo tsatsa.

Ya ce, "Katako yana tsatsa?"

Na ce ba a nan gizo yake saƙa ba, ƙa'ida ce ta kimiyya. Ban san ma'anar abin da na faɗa ba, amma na ga ya yi tasiri. Shi bai yi boko ba, ni na yi aji bakwai, kuma na je Legas. Ya ce to, wata biyu.

Jirgin bai shiga ta zaure ba, sai da na fasa katangar baya. Muka jera bulo a ƙarƙashin goshinsa, muka jera a ƙarƙashin gindinsa, muka bar tsakiya a sarari, daidai yadda ake yi wa mota don bakanike ya samu wurin shiga. Mai ɗakina ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta kalle shi daga wannan kai zuwa wancan.

"Malam, an gaya maka za a sake ɗufana ne?"

Na ce mata ba a yi wa mata bayanin harkar sufuri.

Na yi masa fenti fari da kore, shafi uku. Na sa kafinta ya yi masa rumfa ta kwano. Na sayo kujerun tsohuwar bas na ɗaure a tsakiya, na sa akwatin ƙarfe na abinci, da wani na kayan gyara. Na maƙala madubi a gefe don ganin na baya. Na sa oda. Wa zan yi wa oda a tsakiyar Binuwai, ban sani ba, amma abin hawa ba oda a wurina tsiraici ne. Duk wannan nauyin a tsakiyar jirgi ya taru, inda babu komai a ƙarƙashi.

Kafin wata biyun su cika, labari ya zaga unguwa. A majalisarmu ta bayan la'asar aka fara kirana Kyaftin. Na san da tsokana aka fara, amma na amsa, na ci gaba da amsawa har tsokanar ta gaji ta zama suna. Mutane suna zuwa kallo. In hau kujera in nuna musu taswira, in ce nan za mu sayi doya, nan za mu ga dorina. Wani malamin makaranta ya ce rabonsa da ganin mai hangen nesa irina ya daɗe. Sai daga baya na lura bai faɗi abin da nake hangowa ba.

Aka yi ruwan farko. Bayan kwana uku taubashina ya zo da safe.

"Bawa, ruwa ya sauko."

Na ce na ji, ai a garin nake. Sai dai akwai 'yan abubuwa da suka rage. Ban gama binciken takardar shiga ƙasar Chadi ba, kuma ban samu injin da ya dace ba. A ƙara mini wata guda.

Ya zaga jirgin yana bin haɗin katako da babban yatsa. Sai ya ce wa mai ɗakina, "Matar bawa, taimaka mini da bokitin ruwa." Ta kawo, ya ɗaga ya sheƙa a cikin jirgi. Na yi ihu kamar an zuba mini a aljihu. Muna tsaye ruwan ya riƙa ɗiga ta ƙasa a wuri uku.

Ya ce, "Ka gani? Ya fara jin ƙishi. Ka ba ni shi yau, kwana biyu a kogi ya rufe."

Na ce fenti bai gama kamawa ba.

Ya ce to, aƙalla kullum a riƙa zuba masa ruwa safe da yamma. Na ce in sha Allah. Na zuba kwana huɗu. Da na ga soson kujeru yana wari sai na daina, na sayo tamfol na lulluɓe shi don kada ruwan sama ya taɓa shi. Damina guda ta wuce a kan jirgin nan, ko ɗigo bai same shi ba. Na yi alfahari da wannan.

A majalisa na ji cewa taubashina ya shiga jirgin wani. Wanin nan kuwa taubashina ne ya koya masa riƙon gora, shi ya nuna masa inda kifi ke kwanciya. Yanzu shi ke zaune a gindin jirgi yana cewa a yi nan, a yi can, taubashina yana jan koma da furfurarsa, a tashi a ba shi kason ɗan aiki. Da na ji, na ce ai na ɗan lokaci ne, in muka dawo daga Legas duk masuntan Wudil sai sun tashi tsaye in ya zo wucewa.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba, ko kaina ban faɗa wa sosai ba, ita ce: muddin jirgi yana kan bulo, ni ne Kyaftin. Ranar da ya taɓa ruwa, taubashina ne mai jirgi, ni kuwa kaya ne, buhun da bai iya iyo ba. Don haka kullum da sauran abu guda da ba a gama ba. In na gama shi sai in nemo wani.

A damina ta biyu matarsa ta zo da kanta. Mace ce mai kunya, ba ta taɓa zama a gabana ta ɗaga kai ba. Ta durƙusa a bakin zaure, muka gaisa, ta tambayi iyali, na tambayi nata. Sai ta ce, "Yaya, ɗan'uwanka ba zai iya faɗa maka ba. Gwiwoyinsa suna kumbura. A jirginsa zama yake yi ya sa a yi, a na mutane shi ake sawa. Jiya da rarrafe ya shiga ɗaki."

Na ce Allah ya sawwaƙe, na ce a dafa masa citta. Daga nan na ɗauko littafina na karanta mata babi na biyu, daga Yola zuwa Lokoja, don ta san ba wasa ake yi ba. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ja mayafinta ta tafi.

Mai ɗakina tana bayan ƙofa ta ji komai. Ta fito ta ce, "Malam, ka mayar wa bawan Allahn nan abinsa."

Na ce saura kaɗan.

Ta ce, "To ni tambaya ɗaya gare ni, tunda ba a yi wa mata bayani. Duk tafiyar nan na ji kana cewa a gangara, a gangara. Dawowa fa? Kogin zai juya ne ya rako ku gida?"

Wallahi ban taɓa tunanin dawowa ba. Ita ta faɗa ne don in ji kunya in saki jirgi. Ni kuwa sai na ga ta ba ni kyauta. Na sayo sabon littafi na fara tsara dawowa. Wannan ya cinye mini wata bakwai cikin kwanciyar hankali.

Ana gab da damina ta uku taubashina ya zo. Ya rame, yana dogara sanda. Na taso da dariyata na ce, "A'a, bawa ya tuna da ubangidansa!"

Ya ce, "Malam, ina kwana. Na zo karɓar jirgina."

Malam. Tun da aka haife ni bai taɓa kirana haka ba. Da zagina ya yi da na samu abin mayarwa. Na buɗe baki zan ce saura inji, sai na fasa. Na ce gobe da safe.

Washegari na sake fasa katanga, tifa ta zo. Aka cire rumfa da kujeru. Da majiya ƙarfi suka ɗaga shi daga kan bulo sai aka ji wata ƙara daga tsakiyarsa, irin ta busasshen reshe. Kowa ya yi kamar bai ji ba. Shi ya ji, na ga fuskarsa.

A bakin kogi masunta suka taru. Aka tura jirgi, ruwa ya shigo ta kowane haɗi, kafin a jima ya zauna a kan yashi, ruwa ya kai masa baki. 'Yan majalisarmu da suka biyo ni don ganin tashin Kyaftin suka fara kallon sama. Wani ya ce to, an dai fara tafiya, ta ƙasa aka bi.

Taubashina ya ce ba komai, haka busasshen jirgi yake yi. A bar shi a nutse ya sha ya ƙoshi, katako zai kumbura ya rufe. Ya sa aka danne shi da duwatsu a inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Kwana goma kullum yana zuwa da sandarsa ya zauna a gaɓa yana kallonsa. Ni ma ina zuwa, ina tsayawa nesa kaɗan. A kwanakin nan na yi addu'ar da ban yi irinta ba ko lokacin da birki ya tsinke mini a gangaren Jos.

Rana ta goma aka kwashe duwatsu, aka janyo shi, aka kwarfe ruwa. Haɗin gefe duk sun rufe, kamar yadda ya ce. Amma ƙasan, daidai inda na bari a sarari na ɗora wa kujerun bas, ya lanƙwashe ya tsage tsawon kamu uku. Ya durƙusa da ƙyar, ya danna wurin da babban yatsa. Yatsan ya shige. Gara ta hau ta cikin bulo ta cinye katakon ta ciki, ta bar mini fentina lafiya lau.

Tsohon almajirin sana'arsa, wanda yake yi wa aiki yanzu, ya ce ko za a canza katakon ƙasa. Taubashina ya girgiza kai, ya ce bayansa ya karye, in an sa sabo ma ba zai miƙe ba. Ya goge yatsansa a riga. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Ka yi masa fenti mai kyau, Malam."

Iyakar abin da ya ce ke nan, a ranar da bayanta.

Na rantse a gaban mutane zan sa a ƙera masa sabo. Na cika, amma ku ji yadda na cika. Na tsaya binciken wane katako ya fi, na tafi har Yawuri ganin maƙera jirgi, na dawo na ce ba su yi mini ba, na tafi wani wurin. Ni dai ba a raba ni da shiri. Kafin sabon jirgi ya iso Wudil an yi damina biyu, gwiwoyinsa kuwa sun riga sun gama. Aka ɗauko shi a kan babur ya zo ya gani, ya shafa gefensa, ya ce katakon yana da kyau. Bai shiga ba. Mijin 'yarsa ne ke ɗiban yashi da shi yanzu. Shi yana zaune a ƙofar gida yana ɗinke komar mutane, ga kogi yana jin ƙamshinsa, ba ya iya isa. Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe, don ba ya ƙarya. Yafewar ba ta mayar masa da shekara huɗun ƙarshe da zai yi a kan ruwa yana mai jirgin kansa ba.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan abu biyu. In mutum ya ba ka aron abin da yake ci da iyalinsa da shi, ya ce rana kaza, ka mayar masa ranar, ko aikinka ya ƙare ko bai ƙare ba. In kuma mai sana'a ya gaya maka yadda ake riƙe kayan sana'arsa, ka rufe bakinka ka yi yadda ya ce, ko da ka fi shi shiga aji. Ni ban yi ko ɗaya ba. Don Allah kada ku bi sawuna.